Ranar da Na Kai Ƙarar Firimiya

Mutane suna so in ce tun Shanfi yana goye na san zai mulki tsibirin nan. Ban sani ba. Ni na goya shi, kuma abin da na sani kawai shi ne yaro ne mai nauyin tsiya da yawan tambaya, ga tsirfa wajen cin abinci. Da mahaifiyarmu ta rasu ni na gaji gida, kamar yadda kowace babbar 'ya take gada a tsibirinmu na Mwezani, sai na gaji Shanfi a ciki tare da tukwane da tabarmi.

Malamin makaranta ya fara zama. Siyasa a tashar jirgi ta same shi, shekarar da jirgin ruwan da ke kawo mana shinkafa ya daina zuwa a kan kari, abinci ya yi tsada, manyan gwamnati suka yi kunnen uwar shegu. Shi ya tara 'yan dako da malamai suka zauna a ƙofar ofis cikin rana har aka fito aka saurare su. Daga nan aka tura shi majalisa. Zango ɗaya ya yi aka kayar da shi, don ya ƙi raba atamfa ranar zaɓe, ya koma aji ya ci gaba da shan ƙurar alli kamar ba shi ba. Da wani zaɓen ya zagayo, mutane da kansu suka je makaranta suka ɗauko shi. Ya riƙe ma'aikatar ruwa, ya kai famfo ƙauyukan kan dutse inda mata suka tsufa da tulu a ka. Bayan wannan ne ya zama Firimiya, shugaban gwamnatin tsibirin baki ɗaya. Ranar rantsuwa na ci ado na zauna a gaba, duk wanda ya kalle ni sai na kalle shi.

Amma a Bandani, garinmu, Shanfi yaro ne. Ba zagi nake yi ba, matsayinsa ke nan. Namijin da bai yi anda ba, babban bikin nan da ake yanka shanu a ciyar da gari kaf a kai wa amarya zinariya, yaro ne ko da furfura ta cinye masa kai. Ba ya rataya gyalen manya a kafaɗa, ba ya shiga sahun gaba ranar Juma'a, kuma ba ya buɗe baki a dandali idan manya sun zauna. Shanfi ya auri Natija da ɗan ƙaramin ɗaurin aure, ya ce ya wadatar. Na yi faɗa, na yi kuka, na tura masa dattawa, ya ce shi ya fi so ya ga shanun sun zama rufin aji. Saboda haka a birni ɗan sanda zai ƙame ya sara masa, ranar Juma'a kuma ya ajiye mota a bakin gari, ya shigo da ƙafa, ya zauna can baya cikin samari masu gyaran babur. In ana walima shi ne mai zuba wa manya ruwan wanke hannu. 'Yan adawa suka laƙa masa Firimiya Yaro, har waƙa suka yi masa. Shi dariya yake yi, ni kuwa in na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Maganar yashi ce ta haɗa mu faɗa. Ba a aurar da 'ya mace sai an gina mata gidanta, uba da kawu ne da wannan nauyi, miji kuwa da akwatinsa kawai yake shigowa. A da da dutse da farar ƙasa ake gini. Da siminti ya zo sai kowa ya nufi bakin teku da daro, tunda yashi ba na kowa ba ne kuma ba a saye. Muna yara, daga gidajen ƙarshe zuwa ruwa sai ka yi gudu ka gaji. A lokacin da nake ba ku labari igiyar ruwa tana dukan katangar maƙabarta, itatuwan kwakwa na gaɓa sun kwanta saiwoyi a sama, gidajen layin teku sun fara tsagewa. Na Zalhata, 'yar Mze Jumoi, wato Dattijo Jumoi, shugaban manyan gari, rabinsa ya rufta cikin ruwa wata damina. Ta kwashi 'ya'ya ta koma ɗakin uwarta, mijin kuma ya koma gidan yayarsa, tunda ba shi da inda zai ajiye akwati.

Shanfi ya kai doka majalisa aka hana ɗiban yashi a gaɓa. Ya sa aka kawo injin niƙa baƙin dutse, wanda Allah ya hore mana har ya yi mana yawa, ya ce a yi gini da garinsa. Mutane suka ce da tsada, magina suka ce yana cin hannu, mata suka ce bango ba ya yin sumul. Doka dai ta zauna a takarda tana hutawa. Wane ɗan sanda ne zai kama gwaggonsa da daro a ka? Sauran garuruwa suka zuba wa Bandani ido, suka ce ran da garin Firimiya ya bari su ma za su bari. Bandani kuwa ba ta jin doka sai wadda ta fito daga dandali, domin wanda ya karya ta dandali ba mai zuwa bikinsa, ba mai ɗaukar gawarsa. Shanfi ya san wannan sarai. Ga magana a bakinsa, ga dandali a gabansa, amma ba shi da izinin faɗi a ciki. Manyan da ke da izini kuwa kowanne yana da 'ya ko 'yar 'yar'uwa da gininta ya kai taga, ba mai son ya zama shi ya fara.

Mze Jumoi ya taɓa neman kujerar majalisa Shanfi ya kayar da shi, kuma tsohon ba ya mantuwa. Ya aika masa cewa ya jingine dokar har a gama bukukuwan bana, ya yi anda kamar kowane ɗan halal, sannan ya zo ya yi ta magana har ya gaji. Masu ba Shanfi shawara a birni su kuma suka ce ya ɗebi 'yan sanda da lasifika ya shiga dandalin da ƙarfin gwamnati. Duka biyun ya ƙi. Ya ce in ya jira, teku ba zai jira tare da shi ba, in kuma ya shiga da bindiga to ya kashe dandalin, shi kuwa da ransa yake bukatarsa.

Ni a lokacin ba ta teku nake ba, ta Inshati nake. Ita kaɗai ce 'yata mace, ubanta ya rasu, an sa bikinta bayan an gama tsinkar kanumfari, gininta ya kai kan ƙofa. Ni da matan adashinmu muka yi ta jigilar yashi har muka tara tudu a gefen ginin, tudun da duk wanda ya wuce sai ya ce masha Allah. Na ɗebo kafin doka, na ɗebo bayan doka, kuma ba ni kaɗai ba ce. Shi Shanfi da ya kamata a matsayinsa na kawu ya riƙa zuwa yana duba magina, siminti kawai yake aikowa, ba ya ko leƙowa.

Wata safiya ina kankare kwakwa sai maƙwabciyata ta leƙo, ta ce in fito in ga ƙanena, ita bakinta ba zai iya faɗi ba. Na fita da ƙullin itacen sandal da muke shafawa don kwalliya a fuska ko wankewa ban yi ba. Ga motar gwamnati a bakin hanya, direba yana tsaye ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ga rabin gari sun yi cirko-cirko. Ga kuma Firimiyan Mwezani ya naɗe ƙafar wando, ya yi gammo da tsohon zane, daro a kansa cike da yashina, ya nufi teku. Ya juye a gaɓa, ya dawo ya sake cikawa. Na sha gabansa.

"Shanfi, iska ce ta taɓa ka?"

"Ina kwana, Yaya. Ɗan matsa min, daron nan da nauyi."

"Yashin wa kake ɗiba?"

"Na teku."

"Na Inshati ne, mara kunya. Yarinyar da ya kamata ka ɗebo mata, ita kake kwashe wa? Uwarmu tana kwance can ka yi min wannan?"

"Haka ne, na yi. In kin ga an zalunce ki, ai kin san inda ake kai ƙara."

Ya raɓa ni ya wuce. Na bi shi da zagin da na daɗe ban yi irinsa ba, bai ko waiwayo ba. Ba wanda ya taya shi, ba kuma wanda ya hana shi, don wa zai riƙe hannun Firimiya? Mutumin da abin da ya fi ɗauka shi ne jakar takardu, ga shi yana haki, riga ta manne masa a baya, yara suna bin sa suna ƙyaƙyata dariya. Kafin rana ta karkata tudun nan ya koma ƙasa shafe. Inshati ta shige ɗaki tana kuka. Ni ban yi kuka ba. Na yafa mayafi na miƙe sai gidan Mze Jumoi.

Tun da nake tsohon nan bai taɓa ba ni kujera ba sai ranar. Ya saurare ni yana girgiza kai kamar abin ya dame shi, alhali daɗi har kunne. Ya ce taɓa kayan ginin amarya ba ƙaramin abu ba ne, ko kakanninmu ba su yafe shi ba, balle a ce kawu ne da kansa. Nan take ya sa mai shela ya zagaya gari cewa ranar Juma'a bayan salla yaro Shanfi ɗan Mlanawo zai tsaya a gaban iyayensa. Labari ya cika tsibiri. Natija ta zo tana roƙona in rufa wa mijinta asiri, na ce ta je ta roƙi yashin ya dawo.

Ranar Juma'a Bandani ba masaka tsinke. Mutane sun zo daga garuruwan gaɓa a motoci da kwale-kwale don su ga yadda za a tozarta Firimiya. Manya suka zauna a kan dakalin dandali da gyalensu da sandunansu. Mu mata muna bayan guntuwar katanga, ni kuma da yake mai ƙara ce aka tsayar da ni a bakin ƙofa. Shanfi ya shigo tsakiya ba hula ba takalmi, yadda ake tsayar da yaron da ya yi laifi. Da na ga sanƙonsa a rana sai zuciyata ta ɗan karaya, amma na tuna tuduna, ta koma daidai.

Mze Jumoi ya yi doguwar shimfiɗa, ya yabi kakanni, ya yabi kansa kaɗan, sannan ya juyo.

"Kai yaro, ka ɗebi yashin ginin 'yar yayarka?"

"Na ɗeba, Baba."

"Da saninka?"

"Da sanina."

"To me ya sa?"

Yana rufe baki na ga Mze Towihir, wanda ya fi kowa tsufa a kan dakalin, ya ɗora haɓa a kan sandarsa yana murmushi. A nan ne abin ya faɗo min. Yaro ba ya magana a dandali, sai dai a hali guda. In an tsayar da shi a kan laifi aka tambaye shi dalili, to filin nasa ne har sai shi da kansa ya ce ya gama, ko shugaba ba ya katse shi. Wannan ƙofa kaɗai ta rage masa, kuma ni ya sa na buɗe masa ita da hannuna. Ya san halina, ya san da ya roƙe ni in kai ƙararsa da ba zan yi ba, da na yi ma da an gane. Sai ya taɓa ni inda ya san zan zabura. Wallahi da hannuna zai kai gare shi a lokacin da na mare shi. Amma a ƙarƙashin fushin nan na ji wani abu yana tasowa, ban so shi ba, kuma ban iya danne shi ba.

Bai ambaci doka ba, bai ambaci gwamnati ba, bai kawo zancen masana ba. Da muryar aji ya yi magana, a hankali, yadda na baya sai sun yi shiru za su ji. Ya ce laifin da aka faɗa ya yi shi, kuma bai zo neman sassauci ba. Ya ce shi ma ya yarda babu abin da ya kai gidan 'ya mace daraja a tsibirin nan, don a cikinsa aka haife mu duka, a cikinsa za a yi mana wanka. Ya bi gidajen layin teku ɗaya bayan ɗaya yana kiran sunan matar da ke da shi, da sunan uban da ya gina mata, da inda tsagar ta kai. Kowa ya san waɗannan abubuwa, amma ba a taɓa faɗinsu a wurin nan ba. Daga ƙarshe ya fuskanci shugaba.

"Baba Jumoi ya gina wa Zalhata gida da guminsa, ina saurayi ni ma na yi dakon dutse a ginin. Yashin da gidan yake zaune a kai, mu muka kwashe shi daro daro muka kai ginin 'ya'yanmu. Nawa da rana na kwasa, a gaban kowa, tudu guda. Wancan kuwa duk garin nan da hannu a ciki. In kwashe yashin gidan 'ya mace laifi ne, ga ni, a fara ta kaina. In ba laifi ba ne ku sallame ni, ku kuma gaya wa Zalhata haka, tana bayan katanga tana ji. Na gama, iyayena."

Zalhata tana kusa da ni. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Har dandali ake jiyo ƙarar ruwa da ke dukan katangar maƙabarta, wadda kullum muna jin ta muna yi kamar ba mu ji ba.

Mze Jumoi ba wawa ba ne. Ya ga inda aka kai shi. In ya hukunta Shanfi, hukuncin dandali ba na mutum ɗaya ba ne, ya hau kan duk wanda zai sake sa daro a gaɓa. In ya sallame shi, ya gaya wa 'yarsa cewa abin da ya same ta ba komai ba ne, ya kuma halatta wa kowa kwasar kayan ginin maƙwabcinsa. Manya suka haɗa kai suna ƙus-ƙus, wasu suna nuna teku, wasu suna nuna gari. Can sai tsohon ya ɗago, ya kalle ni, ya sassauta murya kamar mai lallashin jariri.

"Mwanaesha, ƙanwata, matso. Kin san hukuncin wanda ya taɓa ginin amarya. Shekara guda ba ya taka ƙasar garin nan, ba biki ba jana'iza. Bikin Inshati a cikin shekarar yake. Yarinya ba uba, kawunta ne zai riƙe hannunta ya kai ta ƙofar gidanta. Ciki ɗaya kuka fito. Ki janye ƙararki mu watse, kamar ba a yi zaman nan ba. Samari su mayar miki da yashinki kafin gobe."

Duk abin da nake so a duniya yana cikin wannan tayi. Ga yashina, ga ginin 'yata, ga ƙanena a wurin biki da hannunta cikin nasa. Kalma ɗaya zan faɗa, kuma ba wanda zai zarge ni, yabo ma zan sha a ce mai zumunci. Sai dai in na janye, babu hukunci, in babu hukunci duk abin da ya faɗa ya bi iska, gobe da safe daruka su koma gaɓa, kuma ba za a sake yin kuskuren tambayarsa dalili ba har abada.

Na kalli Shanfi. Bai kalle ni ba. Ƙafafunsa yake kallo, wuyansa a sanƙare tun ranar daro. Da ya ɗago ya yi min ido, ko ya girgiza kai, da na janye don in nuna masa ba shi zai juya ni ba. Bai yi ba. Ya yi nasa ya gama, ya bar min nawa, kamar yadda ake bar wa babba. Na tuna layin da ke bayan na Zalhata shi ne namu, gidan uwata da na kakata, sabon ginin Inshati kuma ba shi da nisa daga nan. Na kuma tuna cewa mutumin nan da ke tsaye ba takalmi, kalma ɗaya zai faɗa motocin 'yan sanda su cika garin nan, amma ya zaɓi ya tsaya a rana a kira shi yaro. Ban taɓa jin girmansa kamar lokacin ba, ban kuma taɓa jin haushinsa kamar lokacin ba.

"Ban janye ba, Mze."

"Ki yi tunani. Kin san abin da kike yi wa ɗan'uwanki?"

"Na sani. Ya kwashe yashin 'yata a gaban gari. A hukunta shi, da duk wanda ya yi irin nasa."

Zan faɗi gaskiya a kan Mze Jumoi ko da yake har ya koma ga Allah ba ma shiri. Da ya ga ba mafita bai yi ƙwange ba. Ya miƙe, ya gyara gyalensa, ya faɗi hukuncin da cikakkiyar murya. Shanfi ɗan Mlanawo ba zai taka ƙasar Bandani ba sai shekara ta zagayo. Daga yau kuma, tun daga maƙabarta har bakin kogi, yashin gaɓa na gidajen mata ne, wanda ya ɗiba ko cikin kwano ne hukuncinsa ke nan. Da ya zo kan wannan bai kalli wajen katangar mata ba.

Samarin nan masu gyaran babur su suka raka Shanfi bakin gari, ɗaya ya riƙe masa takalma, ɗaya hula. Da ya zo wucewa ta gabana sai ya tsaya.

"Na gode, Yaya."

"Wuce ka ba ni wuri, makiri. Ka ce wa Natija ta gasa maka wuyan nan da ruwan zafi."

Daga ranar nan babu daron da ya sake sauka gaɓar Bandani. Sauran garuruwa, da suka ga abin da idonsu, suka zauna a nasu dandalin ɗaya bayan ɗaya suka bi sahu. Amma kada ku zaci an yi masa godiya. Gini ya yi tsada, bukukuwa da yawa suka ja baya, iyayen amare suna tsine masa a wurin ɗiban ruwa a famfon da shi ya kawo. Zaɓe ya faɗo a cikin shekarar, ga ɗan takara da ba shi da ikon shiga garinsu ya nemi ƙuri'a. Aka kayar da shi. Ya miƙa mulki, ya kwashe littattafansa daga gidan gwamnati, suka kama haya a birni shi da Natija. Sabon Firimiya ya yi alkawarin soke dokar yashi, kuma ya cika, har a rediyo aka sanar. Ba wanda ya ɗauki daro. Teku bai mayar mana da abin da ya ci ba, ba zan yi muku ƙarya ba, amma ya daina matsowa, katangar maƙabarta tana nan tsaye.

Da garin baƙin dutse aka ƙarasa gidan Inshati. Bangon ya fito da duhu da kaushi, na yi ta mita, magina suka ce ko jikokinta ba za su ga tsagarsa ba. Da biki ya matso manya suka ce Mze Towihir zai tsaya a madadin kawu. Inshati ta ce a yi masa godiya, amma ita kaɗai za ta taka. Na yi mata faɗa ta yi shiru, irin shirun danginmu da ba ya nufin an yarda.

Ranar kai amarya muka fito da ganguna da turare, zinariya ta rufe mata ƙirji, mata suna waƙa, manya suna biye da gyalensu. Hanyar kasuwa ake bi, kowa ya sani. Muna isa mararraba sai amarya ta karkata ta nufi teku. Masu kiɗa suka rikice, suka bi ta, mu ma muka bi. Muna fitowa gaɓa sai ga kwale-kwalen masunta yana lilo a bayan inda igiyar ruwa ke karyewa, a cikinsa Shanfi ne zaune da farar riga da hula, ya riƙe gefen jirgin da hannu biyu, fuskarsa ta nuna ruwan bai karɓe shi ba. Wasu manya suka fara gunaguni cewa an karya hukunci. Mze Jumoi ya kare ido da tafin hannu ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce shi dai ƙasa ya ambata, kuma bai ga ƙasa a ƙarƙashin jirgin can ba.

Inshati ta tattare zanenta ta shiga ruwa da zinariyarta da lallenta har ya kai mata ƙugu. Masuncin ya matso da jirgi. Shanfi ya sunkuyo ya kama hannunta, ya yi mata addu'ar da kawu ke yi a ƙofar gida, ba mu ji kalmomin ba saboda ruwa, sai dai muka ga ta ɗora goshi a bayan hannunsa. Daga nan ya sake ta, don iyakarsa ke nan. Ta juyo ita kaɗai, shi kuma yana zaune yana kallonta har ta taka tudu.

Ina tsaye a gaɓa hawaye sun ɓata min kwalli. Matan da ke kewaye da ni duk 'yan Bandani ne, wasu ma sun taya ni yi masa wanka yana jariri. Duk da haka sai na ji na juya ina nuna musu jirgin, ina ce musu wancan ƙanena ne.